Ra'ayinmu: Da Wane Mudu Ake Auna Jami'ar Gwamnati?

Duk shekara, da zarar kamfanonin da ke jeranta jami'o'in duniya sun fitar da sabon jadawali, sai shugabannin jami'o'inmu su kasu gida biyu. Waɗanda suka haura mataki su kira 'yan jarida, su rataya kyallaye a bakin ƙofa. Waɗanda suka zame kuwa su yi gum, bayan 'yan makonni sai takarda ta zagaya sassa, ana umartar kowane malami ya ƙara yawan wallafa a mujallun ƙetare, ya kuma tabbatar sunansa na fitowa a intanet. Tun da a wuyan malami nauyin yake sauka daga ƙarshe, wajibi ne wannan reshe ya ɗauki mudun da ake auna mu da shi, ya duba gindinsa.

Al'adar ba ta daɗe ba. Mujallar U.S. News ta Amurka ta fara jeranta kwalejojin ƙasarta a 1983. Jadawalin Shanghai ya bayyana a 2003, na Times Higher Education da QS suka biyo a 2004 a haɗe kafin su raba gari, Webometrics ta ƙasar Sifaniya ita ma ta fara a 2004. Kowannensu da abin da yake ƙirgawa. Na Shanghai yana ba da kashi 30 cikin ɗari na maki ga malamai da tsofaffin ɗaliban da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi, da wani kashi 20 ga maƙalun da suka fito a mujallu biyu kacal, Nature da Science. QS ta daɗe tana ɗora kashi 40 a kan ra'ayin masana game da sunan jami'a, daga baya ta rage zuwa 30. A wurin Times ma, kusan kashi ɗaya bisa uku na maki daga irin wannan jin ra'ayi yake fitowa, har abin da take kira ingancin koyarwa rabinsa suna ne. Webometrics kuwa tasirin jami'a a intanet take dubawa, tare da yawan ambaton da ake yi wa bincikenta.

Wanda ya lura zai ga babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa shiga aji. Suna auna shahara, da dukiya, da bincike irin wanda ake wallafawa da Turanci a mujallun da rumbunan Scopus da Web of Science suka amince da su. Masanin da aka tambaya a Landan ya lissafa jami'o'in da suka fi, waɗanda ya saba ji zai ambata, kuma ya saba jin su ne domin sun daɗe a saman jadawalin. Mai shi ake ƙara wa.

To, me aka kafa jami'ar gwamnati ta yi? Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da kuma waɗanda suka biyo baya a Kano da Sakkwato da Maiduguri a tsakiyar shekarun 1970, buƙatar a fili take: a samar wa yanki mai faɗi malamai da likitoci da alƙalai da injiniyoyi da malaman gona, kuma a buɗe ƙofa ga ɗan talaka. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin masara da dawa da wake da manoma ke shukawa daga Funtua har Biu. Cibiyar dabbobi ta Shika ta samar da kazar nan ShikaBrown. Jami'ar Bayero ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006, aikin shekaru masu yawa na hannaye masu yawa. Asibitocin koyarwa su ne madogara ta ƙarshe ga marar lafiyar da aka gagara a ko'ina. A mudun Shanghai, duk wannan bai kai maƙala ɗaya a Nature ba. Ɗalibin da ya fito daga makarantar ƙauye da ba ta da malamin kimiyya, ya shigo yana rarrafe ya fita yana iya tsayawa gaban aji ko gaban marar lafiya, babu gurbin da aka tanadar wa labarinsa.

Akwai kuma batun yawan ɗalibai a kan kowane malami, wanda QS da Times duka suke ba maki. Jami'a mai zaman kanta tana iya tsayar da adadin da za ta ɗauka, ta sa kuɗin da zai tace mata masu shiga. Jami'ar gwamnati ba ta da wannan damar, kuma bai kamata ta nema ba. Don haka idan aka ce a wata shekarar Jami'ar Covenant ce kan gaba a Nijeriya, a wata kuma ta Ibadan, ba mu ƙi a taya su murna ba, sai dai a tuna an haɗa doki mai ɗauke da mahayi ɗaya da raƙumi mai ɗauke da kayan gari a tsere guda.

Su kansu masu mudun sun nuna cewa zaɓi ne, ba wahayi ba. A 2023 U.S. News ta sauya lissafinta, ta daina ƙirga gudummawar tsofaffin ɗalibai da ƙanƙantar aji, ta ƙara nauyi a kan yadda jami'a ke yaye 'ya'yan marasa ƙarfi. Nan take jami'o'in gwamnati da dama suka haura, wasu masu zaman kansu suka zame suna ƙorafi, alhali babu abin da ya canja a ajujuwansu. Shekara guda kafin nan, wani farfesan lissafi a Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya bi alƙaluman da jami'arsa ke miƙawa ya nuna ba su dace da gaskiya ba. Ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Abin lura a nan, malami ne ya tona, ba kamfanin ba. Makarantun koyon shari'a na Yale da Harvard sun janye daga jadawalin a 2022, Jami'ar Utrecht ta Holan da Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu su ma suka juya wa irin wannan gasa baya a 2023.

Ba muna cewa aune-aune ba shi da amfani ba ne. Ƙungiyar da ta shafe shekaru tana cewa jami'o'i sun lalace ba za ta ji tsoron a auna su ba. Uba mai neman inda zai kai 'yarsa yana da haƙƙin ya san inda ake karatu da inda ake zaman kashe wando, kuma jami'ar da bincikenta ya yi ƙaranci ya kamata ta ji kunya. Amma mun riga mun ga aune-aunen da ya fi kowane jadawali gaskiya: rahoton tantance buƙatun jami'o'in gwamnati na 2012, wanda kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya ya haɗa. Shi ya shiga ɗakunan gwaje-gwaje ya ga risho a madadin kayan aiki, ya ga ɗalibai a tsaye a bakin taga suna ɗaukar lacca. Gwamnatin da ta bar jami'o'i a rufe wata takwas a 2022 ba ta da bakin tambayar dalilin da ya sa ba mu cikin ɗari biyar na farko.

Damuwarmu ta kusa ita ce yadda jadawalin ke kutsowa cikin sharuɗɗan ƙarin girma. Ana buƙatar ƙaramin malami ya wallafa a mujallun ƙetare, da yawansu kuwa sai an biya da dala, abin da kan haɗiye albashin watanni. Wanda bai iya ba sai ya faɗa hannun mujallun bogi, ko a shiga cinikin "sa sunana, in sa naka". Mai koyar da aji na mutum ɗari biyar, mai duba kundayen ɗalibai har tsakar dare, mai rubutu da Hausa ko Larabci ko Fulfulde, duk suna kallo ana wuce su.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a da kada ta miƙa wa kowane kamfani alƙaluma sai an gabatar da su gaban Majalisar Dattawan Jami'a, kowa ya gani. A bayyana ko nawa ake kashewa a kan masu ba da shawarar hawa jadawali, idan ana kashewa. Kwamitin ƙarin girma ya ba koyarwa da hidimar al'umma da wallafa cikin harsunanmu maki na haƙiƙa, kuma duk mujallar da aka wajabta, jami'a ko asusun TETFund su ɗauki kuɗinta. Ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuwa, idan za ta auna mu, ta tambayi ɗalibai nawa suka kammala a kan lokaci, nawa ne na farko a gidansu da suka taka jami'a, kujeru nawa ke cikin ɗakin lacca, kuma ina waɗanda aka yaye suke bayan shekara biyar. Muna roƙon wakilan sassa su tattaro sharuɗɗan ƙarin girma da ake aiki da su a tsangayoyinsu, su zo da su babban taron reshe mai zuwa.