Kumasi ko Cape Coast: ina za a kai yara?

Hutu ya ƙarato, makarantun Zango sai muhawara ake: Kumasi za a kai ɗalibai ko Cape Coast? Aljihun iyaye dai tafiya ɗaya zai ɗauka.

Cape Coast na da teku da kurkukun bayi, ga sansanin Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482 nan kusa. Darasi ne babba.

Amma mu Kumasi muka zaɓa. Yaron da ake kira baƙo a ƙasarsa ya je fadar Manhyia, ya ji cewa tun 1817 Turawan Ingila suka tarar da malaman Musulmi a wajen Asantehene. Ya shiga kasuwar Kejetia, ya ga goron da ya kawo kakanninsa fatauci.

Teku kam ba inda zai je. A bari sai baɗi, in Allah ya kai mu.