Cinikin Tsohon Ɗakin da Mota Ke Ja

Maganarmu ta wannan mako daga Amurka ta taso. Wani ƙanena da ke aiki can ya aiko mini da takarda, ya ce ya ga tsohon ɗakin-ja zai saya, mai shi ya ce sai dala 18,000, shi kuwa abin da ya tara cikin shekara uku ke nan. Yana so in gaya masa ko kuɗin ya yi daidai. Na ga ya kyautu in ba shi amsa a nan, ko wani ya ƙaru.

Ga wanda bai sani ba, ɗakin-ja ɗaki ne bisa tayoyi, da gado da murhu da makewayi a ciki, ba shi da inji, sai a ƙulla shi bayan mota a tafi yawon buɗe ido. Galibin na Amurka a jihar Indiyana a ke ƙera su, wajen garin Elkat.

Abu na fari da na tambaye shi, wace shekara mai ɗakin ya saye shi? Ya ce 2021. To, nan maganar ta ke. Sa'ad da cutar korona ta hana mutane shiga jirgi da kwana a otal, sai suka auka wa waɗannan ɗakuna. A 2021 masana'antu suka fitar da wajen 600,000, in an haɗa da masu inji, ba su taɓa fitar da kamar haka ba, kuɗi kuwa ya hau. Zuwa 2023 abin ya faɗo wajen 313,000. Wanda ya saya lokacin tsada, in ya tashi sayarwa, kuɗin da ya biya ya ke tunawa. Amma fa kasuwa ba ta san wannan ba, kuma ba ƙanena ne zai cike masa hasara ba.

Akwai jerin kuɗi na kamfanin J.D. Power, wanda dā a ke kira NADA. Mutum ya kan sa sunan ɗakin da shekararsa a intanet, ya ga kuɗin ƙasa da na tsaka. Da amfani, amma jerin bai taɓa shiga ɗakin ba. Ni dai na fi yarda da a nemo irinsa uku ko huɗu da a ke talla a jiha guda a gwada, ana tuna cewa abin da mai kaya ya yanka dabam, abin da ya sallama dabam.

Doki a kan buɗe bakinsa a ga haƙora, mota a kan duba agogon mil. Ɗakin-ja ba shi da ko ɗaya. Shaidarsa ruwa ne. Yawancinsu ƙashinsu na katako ne, ko aƙalla daɓensu, kuma ɗankon da a ke liƙe rufi da tagogi da shi ya kan tsage in an ƙyale shi. Ruwa ya bi tsagar kaɗan kaɗan, katako ya ruɓe daga ciki, waje kuwa yana ta sheƙi kamar ɗan maciji. Saboda haka na ce ya dubi rufin da idonsa, ya taka kowane lungu na daɓe, musamman gindin ƙofa da makewayi, ya ji ko yana lotsawa. Ya buɗe kabad kabad ya sansana. Sa'an nan ya tsaya waje da hantsi, ya dubi bangon ta gefe. In ya ga kumburi, to fatar bangon ta rabu da abin da ke cikinta. Irin wannan ba ragi a ke nema ba, sallama a ke yi a tafi, don gyaransa ya kan kusa cinye kuɗin ɗakin.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe shi, gama ɗakin da ke ajiye tayarsa tsufa ke kashe ta. A jikinta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT. In an ga 2319, watau mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Wadda ta haura shekara biyar ko shida sai a cire kuɗin sabuwa daga ciniki. A kunna firiji da murhu da famfo a gabansa. Lamba 17 da ke jikin ɗakin lalle ta dace da ta takardar mallaka, a kuma tabbata banki ba ya bin sa bashi.

Zai ji an ce Airstream, ɗakin nan na alminiyam da Wali Bayam ya fara tun wajen 1931, ba ya faɗuwa da wuri. Gaskiya ne ya fi sauran riƙe daraja. Amma shi ma daɓen tsofaffinsa na katako ne.

Jiya amsa ta zo. Ƙanen nawa ya biya wani mai duba ɗakuna, suka tafi tare. Ba ruɓa, sai tayoyi da suka tsufa da ɗankon rufi da ya fara tsagewa. Ya taya dala 13,500, mai ɗaki ya ce albarka. Na ce ya bar masa lambar waya ya komo gida, gama sanyi ya kusa, kuma kowane wata mai ɗakin sai ya biya kuɗin wurin ajiya.

Ni ne naku,
Akawu.