Sa'ad da Mai Cin Bashin Ɗan'uwa Ne

Da yawa cikinmu da ɗinki, injin niƙa ko ɗan shagon kayan masarufi muke ciyar da iyali. Mun san mai saye mai faɗa, mun san mai sauya ra'ayi bayan tela ya riga ya yanka atamfa. Amma wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne wanda muke zama benci ɗaya da shi ran Lahadi. Zai ɗauki kaya bashi, wata shida shiru, in an tuna masa ya ce, "Ina ƙaunar?"

A ganinmu, jin kunyar neman hakki ba ibada ba ce. In jari ya karye, yara ne za su zauna gida ba kuɗin makaranta, zumuncin da ake lallaɓawa kuma ya mutu. Manzo Bulus da kansa ɗinkin alfarwa ya yi a Koranti don kada ya zama wa kowa nauyi.

Saboda haka mu faɗi farashi tun farko. Tela ya karɓi kafin alƙalami, musamman gab da Kirsimeti. Kowane bashi a rubuta shi a gaban mai shi, da ranar biya. In ranar ta wuce, mu bi matakan Matiyu sura 18: mu same shi a keɓe, sa'an nan da shaidu, daga baya ikkilisiya. Ban da gori, ban da tonon silili a kasuwa.

Wanda ya rasa da gaske, mu taimake shi, mu kira abin kyauta. Mai hali kuwa ya biya. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.