Tsawar Likitan Tiyata Kuskuren Aiki Ce

Ƙarfe uku na dare an kawo wani dattijo sashen agajin gaggawa, cikinsa ya kumbura, yana ta amai. Likitan da ke bakin aiki ya duba shi, ya yi zargin toshewar hanji, ya kira likitan tiyata. Kafin ya ƙarasa bayani aka daka masa tsawa, aka tambaye shi ko a wace makaranta ya yi karatu, aka kashe waya. Wanda duk ya taɓa kwanan aiki a babban asibiti ya san wannan labari, kuma an saba yi masa uzuri da cewa haka manyan tiyata suke.

Wannan uzuri ya isa haka. Tsawar kuskuren aiki ce, kamar ba da maganin da bai dace ba, domin majiyyaci ne ke biyan kuɗinta.

An gwada abin. A shekarar 2015 mujallar Pediatrics ta buga binciken da aka yi a Isra'ila da tawagogi 24 na masu kula da jarirai bakwaini. An ba su mutum-mutumin jariri mai ciwon hanji su ceto, aka sa wani baƙon ƙwararre ya yi wa rabinsu kalaman raini. Waɗanda aka raina sun fi kasa gano cutar, sun fi tafka kuskure, sun kuma rage neman taimakon juna. A 2019 aka yi makamancin gwajin a Amurka da likitocin da ke koyon sa majiyyaci barci kafin tiyata. Inda likitan tiyata ya yi magana cikin mutunci, kashi 91 cikin ɗari sun yi aikin yadda ake bukata lokacin da jini ya ɓalle. Inda ya yi wulaƙanci, kusan kashi 64 ne kawai. A shekarar dai, mujallar JAMA Surgery ta bi diddigin majiyyata fiye da 13,000, ta gano cewa waɗanda likitansu ya yi suna wajen cin fuskar abokan aiki sun fi samun matsala bayan tiyata.

Dalilin a fili yake. Wanda aka ci wa fuska hankalinsa kan rabu biyu, rabi ga majiyyaci, rabi ga maganar da aka faɗa masa. Mafi muni kuma shi ne kira na gaba. Likitan da aka yi wa tsawa yau, gobe zai jira ƙarin gwaji kafin ya sake ɗaga waya, alhali hanjin da jini ya daina isa gare shi ba ya jiran kowa. A yawancin asibitocin Najeriya, inda ƙananan likitoci ne ke tsaron wannan sashe da dare, tsoron babba ya fi saurin jawo irin wannan jinkiri.

Likitocin tiyata suna da nasu ƙorafin, kuma na gaskiya ne. Mutum ya wuni a tsaye a ɗakin tiyata, sai a tashe shi kan majiyyacin da ba a ko taɓa cikinsa ba, don kawai a rage cunkoso. Wajibi ne mai kira ya duba majiyyaci sosai, ya riƙe sakamakon gwaji a hannu, ya faɗi abin da yake zargi da abin da yake nema. Sai dai shi likitan gaggawa yana tace mutane da dama ne waɗanda ba a san ciwonsu ba. Idan kowane kiran da ya yi ya ƙare da tiyata, alama ce cewa akwai waɗanda ya sallama gida ba daidai ba. Kiran da ya zo babu komai wani ɓangare ne na aikin.

Tun 2008 Joint Commission, hukumar da ke tantance asibitocin Amurka, ta yi gargaɗin cewa tsoratar da abokan aiki barazana ce ga lafiyar majiyyata. Ya kamata kowane asibiti ya riƙa rubuta cin fuska cikin rahoton kurakurai, a bincike shi ko da wane ne ya aikata. Likitan tiyata kuwa ya fara zuwa ya ga majiyyacin. In akwai gyaran da zai yi wa ƙaramin likita, ya yi masa da safe, su biyu kaɗai.