Masu Goyon Gari: A Karrama Masu Babur, Maza da Mata

Kowace al'umma tana da hanyar da take bi ta nuna wa 'ya'yanta abin da take so su zama. Kakanninmu sun yi haka da kirari da naɗin sarauta. A wasu sassan ƙasar Hausa ba a kiran mutum Sarkin Noma sai ya tara dami dubu an gani da ido, don haka duk yaron da ya halarci naɗin ya san cewa gumi ne ya jawo rawanin. Mu a yau mun ƙaro abin da ake kira lambar yabo, wato ɗan katako ko gilashi da ake rubuta sunan mutum a jiki, a miƙa masa a zauren taro ana tafi. Ba ni da faɗa da wannan sabuwar al'ada. Faɗana yana kan waɗanda ake miƙa wa lambar, da waɗanda aka bari a bakin ƙofar zauren suna jiran fasinja.

Na halarci irin waɗannan tarukan da ƙungiyoyin ɗalibai da na matasa da na ci gaban gari suke shiryawa a yankinmu na kudancin Jigawa, kuma jerin sunayen ba ya sauyawa: mai riƙe da muƙami, ɗan kwangila, attajirin da ake sa ran zai yi alƙawarin gudummawa kafin a tashi. Lambar ta zama ƙoƙon bara mai ƙyalli. Wanda aka ba ya san dalilin da aka ba shi, masu bayarwa sun sani, yaran da suke leƙe ta taga su ma sun sani. Darasin da suke ɗauka shi ne, a garin nan aljihu ake yaba wa. Ni kuwa ina cewa akwai wasu mutane da suke goye da garuruwanmu a bayansu dare da rana, su ne masu babur, kuma lokaci ya yi da za a kira su gaban jama'a a ce musu an gode. Daga cikinsu, waɗanda suka fi buƙatar wannan kiran su ne 'yan ƙalilan ɗin matan da suka yi ƙarfin halin riƙe kan babur da hannunsu.

A ƙidayar 2006, mutanen ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram sun haura rabin miliyan, kuma mafi yawansu ba a bakin kwalta suke zaune ba. Suna warwatse a ƙauyuka da rugage na ƙasar Kantoga da Sundimina da Wurno, da na Fagam da Kila da Farin Dutse, har zuwa Basirka da ke kan iyaka da Jihar Bauchi. Da zarar ka sauka daga babban titi, sai burji, daga burji sai 'yar hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki, yashi da rani, laka da damina. Motar haya ba ta shiga nan, domin mai ita yana tausayin ƙarfensa. Babur ne yake kai buhun taki gona, shi ne yake fito da riɗi da gyaɗa zuwa kasuwar Sara, shi ne yake kai malami makarantar da ke bayan rafi. Idan ciwo ya tashi da tsakar dare, kafin a yi maganar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai an fara buga ƙofar wani saurayi mai Boxer, ya tashi cikin magagin barci ya ɗauki marar lafiya da mai riƙe shi, sau da yawa ba tare da an yi cinikin kuɗi ba.

To, da me aka saka wa wannan saurayi? A 2006 an kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana goyo a babur a cikin birnin Kano, dubban magidanta suka wayi gari ba sana'a saboda laifin da wasu suka aikata. A ƙarshen watan Agustan 2019 an tare wata babbar mota a Legas ɗauke da matasa 123 'yan Jigawa da babura 48, aka baje su a gaban 'yan jarida kamar an kama mahara, daga baya aka sake su domin ba a same su da komai ba sai neman halak. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, su ne suka fara ji a jikinsu, domin su suke sayen mai kullum safiya kafin su karya kumallo. A gida kuwa, idan uba yana so ya tsorata ɗansa da ya ƙi karatu, sai ya ce masa ƙarshensa acaɓa.

Za a ce mini 'yan acaɓa suna da ganganci, kuma gaskiya ne. Akwai masu gudun wuce sa'a, akwai masu lodin mutum huɗu, akwai masu wasa da babur ranar ɗaurin aure har a mayar da biki zaman makoki. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano a farkon 2009, an ga waɗanda suka kifa ƙwarya a ka don su yi wa dokar ba'a. Sai dai wannan hujja tawa ce, ba ta masu suka ba. Shekara da shekaru muna gwada zagi da tara da kwace babur, ganganci bai ragu ba. Abin da ba mu taɓa gwadawa ba shi ne mu ɗauko mutumin da ya shekara goma yana sana'ar bai taɓa kayar da fasinja ba, mu tsayar da shi gaban hakimi, mu ce wa sauran ga gwani. Matashin da bai taɓa ganin an yaba wa mai natsuwa ba, dole ya nemi tafi a wurin ɗaga tayar gaba.

Yanzu sai maganar da ta fi ɗaci, wato ta mata. A garuruwanmu mace za ta tsaya a bakin hanya ta tare ɗan acaɓan da ba ta taɓa gani ba, ta hau bayansa, ramin hanya yana haɗa kafaɗarta da tasa har tsawon tafiyar sa'a guda, ba wanda zai ɗaga kai ya dube ta. Amma ranar da wannan matar ta tara albashinta ta sayi ɗan roba-roba, ta saka hijabinta ta tuƙa kanta zuwa wurin aiki ita kaɗai, ranar ce majalisa za ta samu abin tattaunawa. A ce idonta ya buɗe, a ce mijinta ba ya iya da ita, idan budurwa ce a ce wa zai kwasa. Ina so masu wannan magana su gaya mini, a cikin hali biyun nan wanne ya fi kusa da kunya da kamun kai da suke cewa suna karewa?

Gwamnatin Kano ta taɓa ganin rabin wannan matsala. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo babura masu ƙafa uku da suka samu sunan A Daidaita Sahu. Wannan magani ne na birni, inda akwai kwalta da yawan fasinja. Mai ƙafa uku ba ya hawa tudun yashi, ba ya bin hanyar da faɗinta bai wuce na amalanke ba. Ga macen da aikinta yake cikin ƙauyukan Gwaram, hanya ɗaya ce ta raba ta da zama a bayan namijin da ba muharraminta ba: ta iya tuƙi da kanta.

Wannan ba maganar gayu ba ce, rayuka ne a ciki. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Nijeriya ne. Jigawa ta san zafin wannan, shi ya sa ta kafa shirin Haihuwa Lafiya don kai masu naƙuda asibiti, kuma tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a asibitin Jahun kan haihuwa mai gardama da yoyon fitsari. Amma jijjiga takan ba da alama tun kafin ranar haihuwa, kuma a wurin awon ciki ake gano ta. Gidajenmu ba a shiga. Namiji komai iliminsa iyakarsa zaure. Mata ne suka bi gida-gida da ɗigon rigakafi har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka. A nan Birnin Kudu muke da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma. Muna yaye ɗalibai mata, mu tura su ƙauye, sa'an nan mu bar su a tasha suna jiran wanda zai kai su. Ma'aikaciyar da take da abin hawanta tana iya zagaya ƙauyuka da dama kafin azahar. Wadda take jiran acaɓa rabin albashinta a hanya yake ƙarewa, har ta gaji ta nemi a mayar da ita gari.

Masu cewa addini ya hana su kawo hujja. Abin da muka karanta shi ne matan Sahabbai sun hau raƙuma, har akwai ingantaccen hadisi da ya yabi matan Ƙuraishawa yana ambaton hawan raƙumi a matsayin abin da matan Larabawa suka saba. Saudiyya, wadda ta daɗe tana hana mata tuƙi, ta janye hanin a watan Yunin 2018. Masu cewa ba al'adar Bahaushe ba ce su je Maraɗi ko Damagaram ko Sakkwato su ga matan aure cikin lulluɓi suna tuƙa kansu zuwa makaranta da asibiti, ba wanda ya ce sun fita daga Hausa. Mu ne muke zana Sarauniya Amina ta Zazzau a kan doki a littattafan firamare, mu kuma yi wa jikanyarta ihu don ta hau ƙarfe. Masu tsoron haɗari su ne suke da magana mai kamawa, domin bakin hijabi ko na zani yana iya shiga sili ko sarƙa ya fizgo mace ƙasa. Amma wannan ya fi samun wadda aka goya, domin ita take zaune daidai kan tayar baya. Maganinsa murfin sarƙa ne da koyarwa da hular kwano, kuma ƙirar roba-roba tana barin mace ta zauna ƙafafunta a haɗe.

Me ya sa na nace a kan lambar yabo, alhali ba ta cika ciki? Domin abin da yake tare matan nan ba doka ba ce, bakin mutane ne, kuma bakin mutane yana bin inda manya suka nuna. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta san wannan. Da ta kafa 'Yan Taru, matan da suke tafiya daga ƙauyuka don ɗauko ilimi su kai wa 'yan'uwansu, sai ta riƙa naɗa shugabanninsu, wato jajis, da malfa da jan ƙyalle. Malfar nan ba ta rage wa jaji nisan tafiya ba, amma duk wanda ya gan ta a hanya ya san wannan matar da izini take tafe, sai ya kama bakinsa. Ranar da Hakimin Birnin Kudu ko na Gwaram ya miƙa wa wata ungozoma takardar yabo saboda ƙauyukan da ta kai wa awo a kan babur ɗinta, maganar majalisa ta mutu, kuma uban da yake shakkar barin 'yarsa ta koyi tuƙi ya samu abin kafa hujja.

Abin da nake kira a yi ba shi da tsada. Sau ɗaya a shekara, kowace gunduma ta fitar da gwanayenta. Dagatai da limamai da shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa da ma'aikatan asibiti su zauna su tantance, domin su ne suka san wanda ya kawo mai naƙuda da ƙarfe biyun dare, da wanda ya mayar da jakar kuɗin da aka manta. A ware rukuni na mata: ma'aikaciyar lafiya, malamar makaranta, malamar gona, da macen da ta koya wa wasu mata tuƙi. Kyautar ta zama abin amfani, kamar hular kwano da sabuwar taya da kuɗin lasisi. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a riƙe da ƙarfi: kada a yarda hoton ɗan takara ya hau kan takardar, domin mun ga yadda rabon babura na lokacin zaɓe yake mayar da matasa 'yan rakiya.

Hausawa suka ce yabon gwani ya zama dole. Mun daɗe muna biyan wannan bashi ga waɗanda ba su bin mu komai. Masarautar Dutse da ƙananan hukumomin nan biyu da ƙungiyoyinmu na ci gaba suna da ikon gyara wannan a taro guda, kuma ina fata idan aka tashi kiran sunaye, na farko ya zama na mace.