Tsoron "Me Za A Ce" Ya Isa Haka Nan



Akwai wata cuta da ta kama mu a nan ƙasar Gabas, kuma mu da kanmu muke yaɗa ta. Yaro zai zauna ya rubuta abin da ya gani a kasuwa, ko labarin zuwan kakansa garin nan, ya karanta sau goma, sannan ya goge. In ka tambaye shi dalili sai ya ce yana tsoron a yi masa dariya. Kuma wallahi ba Inyamuri yake tsoro ba. Mu yake tsoro, mu 'yan uwansa da muke sahu ɗaya a masallaci.

Mun san maganganun da ake jifan masu farawa da su. A ce Hausarka ta gurɓace, ta cakuɗe da buroka. A ce wa ya aike ka. A ce mai sayar da albasa ina ruwansa da alƙalami. Mutumin da bai taɓa rubuta layi biyar ba shi ne kan gaba wajen zaƙulo kuskuren harafi, ya bar maganar da aka yi gaba ɗaya. Da waɗannan mutane muke yau, da kuma waɗanda suka bari aka rufe musu baki.

Mu fara da nan inda muke zaune. A shekarun 1950 da 1960 kasuwar Onitsha ta cika da ƙananan littattafai masu araha, waɗanda 'yan makaranta da akawu-akawu da 'yan kasuwa suka rubuta da Turancin da suka iya. Masu ilimi sun raina su, sun ce Turancin ya karye. Ogali A. Ogali ya fitar da Veronica My Daughter a 1956, aka yi ta sayensa kamar ƙosai. Yau jami'o'in ƙetare, har da ta Kansas a Amurka, suna adana waɗannan littattafai, masu bincike suna dubawa don su san yadda talakan Onitsha yake tunani a wancan zamani. Waɗanda suka yi musu dariya kuwa ba wanda ya riƙe sunansu.

Abin da ya faru a Kano ya fi kusa da mu. Daga shekarun 1980 samari da 'yan mata suka shiga rubuta labaran Hausa, suna bugawa da kuɗin aljihunsu domin manyan kamfanonin ɗab'i ba su da lokacinsu. Aka yi musu caa. Wasu malaman jami'a suka laƙaba wa aikin suna Adabin Kasuwar Kano, suna kwatanta shi da na Onitsha, suna cewa ba zai yi ƙarko ba. Aka zarge su da lalata tarbiyya. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a bainar jama'a. Duk da haka Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda bai yi bokon yarinta ba sai karatun manya, ya rubuta In Da So Da Ƙauna, littafin da ya shiga gidajen Hausawa ko'ina. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Ko Abubakar Imam da muke tinƙaho da shi, yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Ba wanda aka haifa da alƙalami a hannu, da koyo akan iya.

Waɗancan sai da suka nemi kuɗin takarda da maɗaba'a, suka ɗauki littattafai a ka suka kai kasuwa. Kai fa? Wayar da ke aljihunka ta ɗauke maka duk wannan wahala. Mata da yawa yanzu a WhatsApp da Wattpad suke fitar da labaransu, kuma BBC Hausa tana gasar Hikayata ta mata tun 2016. Ƙofa a buɗe take, tsoron baki ne kawai ya tsare ka.

Wani zai ce to in ba mu rubuta ba me muka rasa? Mun rasa da yawa. Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'a ya hau. Yaranmu nawa suka san haka? Ɗan abin da muke karantawa a kansa da Turanci ne, wasu suka rubuta. Dattawan da suka gudu Arewa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, suka dawo suka sake kafa rumfa daga farko, kullum raguwa suke, suna tafiya da labarinsu kabari. Abin da ya faru a Onitsha a Fabrairun 2006 da Oyigbo a Oktoban 2020, waɗanda ba su kwana a wurin ba su suka ba duniya labari. Haka zaman gida na ranar Litinin da aka fara a 2021: mai kayan gwari da motarsa ta iso daren Lahadi shi ya san abin da tumatur yake zama kafin Talata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya yi shiru, maƙwabci ne zai yi bayanin ɗakin, kuma yadda ya ga dama zai yi.

Labarinmu kuma ya wuce na tashin hankali. Akwai maƙwabcin da ya ɓoye Bahaushe a ɗakinsa ranar rikici, akwai auratayya, akwai bashin amana tsakanin dillalin shanu da mahauci da ya shekara ashirin ba takarda. In ba mu rubuta wannan ba, ɗan Kano zai ci gaba da ɗaukar Gabas a matsayin wurin da ake kashe mu kawai.

Za a ce ai zaman baƙunta muke, baki shi ke yanka wuya. Gaskiya ne, kuma muna nan kan bakanmu: kada kowa ya rubuta jita-jita, kada ya zagi ƙabila ko addini, kada ya sa hoton gawa, kada ya ambaci sunan mutum ba da izininsa ba. Wannan hankali ne. Amma tsoron a ce ba ka iya rubuta "ƙ" da "ɗ" ba wani abu ne daban, kada a fake da na farko a ɓoye na biyu.

Ga masu Hausar da ake yi wa gori, yaran da aka haifa a Diobu ko Garki ta Enugu: Hausarku Hausa ce. Ta Kumasi ma daban take da ta Kano, ta Maraɗi daban take da ta Zariya, ba wanda ya kore su daga Hausawa. Ku rubuta, gyara yana zuwa a hanya.

Ga masu gyara kuma: in ka ga kuskure, ka bi marubucin a keɓe ka nuna masa cikin mutunci. In ba za ka iya ba, ka kama bakinka. In kana ganin ka fi shi iyawa, bismillah, ɗauki alƙalami mu gani.

Ga wanda ya daɗe yana rubutawa yana gogewa: zaɓi abu ɗaya da ka gani da idonka. Rubuta shi a gajarce. Ba mutum ɗaya da ka amince da shi ya karanta, ka gyara, ka fitar. Wataƙila mutum uku ne za su karanta, wataƙila wani ya yi tsaki. Gobe ka sake rubuta wani. Mu a ofishin ƙungiya a shirye muke mu duba wa duk wanda ya kawo mana, namiji ko mace, yaro ko babba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci nemanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya