Ciwon Haƙori da Asusun Taimakon Juna a Ƙasar Ƙonni

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori a wani ƙauye tsakanin Malbaza da Illela, inda ganin likitan haƙora sai da kuɗin mota da na guzuri, ya san cewa rashin abin hannu ne yake tura mutum wurin wanzami ko mai tallar ƙwayoyi a kasuwa, har haƙorin da cikewa kaɗai za ta wadatar da shi ya ruɓe, ya zama babu makawa sai an cire.

A shekarar 2024 hukumar Nijar ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, kuma wannan alheri ne da ya cancanci godiya. Amma ragi, kome yawansa, yana amfanar wanda ya zo da sauran kuɗin ne, alhali manomin albasa na Galmi, wanda dukiyarsa take zuwa masa a lokacin cirar albasa, yana iya wayar gari tsakiyar damina da kumburarren kunci ba shi da ko dala. Saboda haka ni a ganina asusun taimakon juna na lafiya, wanda dokar ƙasa ta tsara tun 2008, shi ya fi dacewa da talaka, muddin za a karɓi zubinsa sa'ad da amfani ya shigo gida. Al'ummar da ta saba da adashi ba ta bukatar dogon sharhi a kan wannan.

Masu shakka ta fuskar shari'a suna da hujjarsu, domin Majalisar Fiƙihu ta Musulunci, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, amma ta halatta wadda aka gina bisa taimakekeniya da kyauta. To, garari yana iya shiga ko da asusun jama'a ne, matuƙar sharuɗɗa ba su fito sarari ba. Wajibi ne magidanci, kafin ya zuba ko sisi, ya nemi a karanta masa da Hausa ko haƙori yana ciki, domin sau da yawa shi ake fara warewa. In yana ciki, cirewa ce kaɗai ko har da cikewa da wankewa. Sannan a wane asibiti za a karɓi katinsa, a Ƙonni ne ko sai Tawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Ciwon zaizayar baki, wanda aka gina masa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, daga kumburin dasashi yake farawa, yana kuma kama 'yan shekara 2 zuwa 6, alhali jinyar kyauta da aka kafa a 2006 ta tsaya ga waɗanda ba su kai 5 ba. Don haka magidanci ya tabbata an rubuta sunan kowane ɗansa a katin, kuma duban baki yana cikin abin da asusun ya ɗauka.